Abin da Muka Ɓoye Maka a Sakkwato

Zuwa ga Malami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga Mafara zuwa inda kake. Ina gajiya, ina aiki, ina baƙunta, yaya mutanen da kuke tare? Ina fata wannan takarda ta same ka a kan ƙafafunka. Mutanen gida suna nan lafiya. Baffanka Sani yana nan, matarka Hajara tana nan, 'yarka Ma'u ta fara famfara. An saki ruwan dam, har an gama dashen shinkafar rani.

Ni ce mahaifiyarka. Da hannuna na rubuta, a littafina na makarantar matan aure, kuma ƙanwarka Safiya ce za ta juya ta cikin waya ta sa a shafin da ta ce kana dubawa, inda kowa ke gani. Ka san ban daɗe da sanin baƙi ba, kwana uku na yi a kan wannan rubutu. Ban sa sunanka na yanka ba, ban sa na gidanmu ba. In ka karanta za ka gane kanka.

Na kira wayarka har na gaji, ba ka ɗauka. Ban ga laifinka ba. Amma akwai maganar da ba za ta jira ka huce ba. Zan fara da ita, don kada ranka ya ɓaci ka ajiye kafin ka kai ƙarshe.

Ciwon huhunka bai warke ba. Mun ce maka likita ta ce ya kau. Ba haka ta ce ba. Ta ce ya lafa, kuma irinsa yana dawowa da sauri. Ni da Baffanka ne kaɗai muka ji wannan, muka ɓoye maka. Ka bar aikin da kake yi a Taraba ka koma asibiti.

Yanzu bari in faɗa maka yadda aka yi, don ka san ba ƙiyayya ba ce.

Ka tuna farkon abin. Tari ne kawai, muka ce sanyin fadama ne, tunda kullum kana cikin ruwa kana gyara wa mutane injin ban-ruwa. Na dafa maka citta da kanumfari. Da ya ƙi, aka ce tarin fuka ne, ka sha magani wata uku. Na ware maka kwano da moɗa, na hana Ma'u shiga ɗakinka. Kana zaune a tabarma, ita tana tsaye a bakin ƙofa tana nuna maka 'yar tsanarta daga nesa.

Sai ranar da ka tashi fuskarka ta kumbura, wuyanka ya cika, hularka ta ƙi shiga kai. Ka yi dariya ka ce wa Hajara, "Kin gani, tuwonki ya hwara aiki." Ni ban yi dariya ba. Ranar muka kama hanyar Sakkwato.

A can aka yi hoto, aka ɗebi tsoka, muka jira. Da sakamako ya fito, likitar ta zaunar da mu, ni da kai da Baffa. Mace ce mai haƙuri, tana jin Hausa sosai. Ta ce sankarar huhu ce, irin mai ƙananan ƙwayoyi. Na roƙe ta ta rubuta mini sunan da manyan baƙaƙe, ta rubuta. Ta tambaye ka ko kana shan taba, ka ce a'a. Ta ce ko ka taɓa sha can baya ka bari, ka ce a'a. Ta ce ko kana zama da masu sha, ka ce sai dai a tasha. Sai ta ce wannan iri an fi ganinsa ga waɗanda suka daɗe suna shan taba, amma akan samu wanda bai taɓa sha ba ya kamu, kaɗan ne, kuma su likitoci ba su gama sanin dalili ba.

Rabin farko na maganarta na ɗauko. Rabi na biyu a ɗakin na baro shi.

Ni da na haife ka, ya kamata in fi kowa sani. Kana ɗan shekara shida muka shiga mota za mu Bakura gaishe da iyayena, wani mutum a gaba ya kunna taba. Ba mu yi nisa ba ka amaye mini zane gaba ɗaya. Marigayi mahaifinka ya daɗe yana ba da labarin, yana cewa, "Wanga yaro ko hayaƙin turare sai ya yi mai gardama." Ko da ka girma, in ana turara shinkafa a gida, zaure kake komawa. Duk na san wannan.

Amma a mota, muna dawowa, Baffanka ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Likita ba ta tambaya sau ukku a banza. Shekara biyu ya yi Gusau koyon aiki, wa ya san abin da ya koyo?" Maganar dai ta shiga.

Ka san garinmu. Kafin mako ya zagayo, masu zuwa dubiya sun fara kallon leɓenka kafin su kalli idonka. Na je bikin suna a Maradun, wajen dangin Hajara, ina alwala a bayan ɗaki na ji wata tana ce wa 'yar'uwarta, "Ashe jikan malamai ma shina busawa." Suka yi 'yar dariya. Na tsaya da buta a hannu har suka bar wurin.

Gidan da aka saba jin karatu tun asuba. Gidan da kakanka ya yi shekaru yana ba da darasi a zaure. Na ji kamar an tuɓe mini mayafi a kasuwar Talata.

Zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na karɓi wankinka daga hannun Hajara, na ce ta huta. Ba don ta huta ba ne. Na shiga ɗaki na laluba aljihunan rigunanka ɗaya bayan ɗaya, ina shinshinawa. Na samu asuwaki, da guntuwar waya ta inji, da alawa guda biyu da na san ta Ma'u ce. Ya kamata in tsaya a nan. Ban tsaya ba.

Kai ɗan fari ne. Yadda aka yi mana tarbiyya, haka na yi. Ban taɓa kiran sunanka ba. Ban taɓa goya ka a gaban mutane ba, kakarka ce ta yaye ka, a ɗakinta ka tashi. In ina da magana da kai, ta bakin Safiya take bi, ko ta bakin Baffa. Kai ma in za ka gaishe ni, a bakin ƙofa kake durƙusawa, ka gaishe ni kana kallon ƙasa, in amsa ina kallon bango. Ko da na shiga makarantar manya, littafi da fensirin farko kai ka saya, amma Safiya ka ba ta kawo mini, ka ce ta ce ita ta saya. Ita ce ta tona ka. Shekara talatin da huɗu muna haka, kuma ban taɓa jin mun rasa wani abu ba.

Sai wata rana bayan la'asar na aika a kira ka. Ka zo, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa inda ka saba. Na ce ka shigo ciki ka zauna. Ka ɗago ka dube ni. Na ga fuskarka, Malami. Ka rame, gashinka ya fara zuba saboda maganin, amma fuskarka ta yi haske kamar ta yaron da aka ce ya zo ya karɓi kayan salla. Ka shigo ka zauna a gefen tabarmata. Wannan ne karon farko.

Sai na ce ka faɗa mini tsakaninka da Allah, ka taɓa shan taba?

Ka ce, "A'a, Inna. Ban taɓa ba." Ka zauna kana jira. Sannan ka ce, "Akwai wata magana?" Na ce babu. Ka tashi ka sa takalminka.

Da ka yi mini faɗa, da ya fi mini sauƙi. Tun daga ranar nake jin wannan tambaya taka. Akwai wata magana? Akwai, Malami. Da yawa. Ban taɓa tambayarka ko kana jin tsoro ba. Ban tambaye ka yadda kake kwana da tarin nan ba. Sau ɗaya na karya kara a rayuwata, kuma a kan wannan na karya ta.

Bayan haka ka ci gaba da zuwa Sakkwato, duk bayan mako uku, ana ɗaura maka ruwan magani. Ina bin ku, ina zama a waje da kwanon abinci wanda ba ka iya ci. Ka yi amai, ka yi baƙi, kanka ya zama kamar ƙwarya. Abokanka suka zo dubiya ka ce musu, "Wanzami ya yi asarar kwastoma." Suna dariya, kana dariya. Da ni kuwa gaisuwa ce kawai, a bakin ƙofa, kamar da. Sai dai ta gajarta.

Kuma maganin ya yi aiki, har ya ba mu mamaki. Tun a karo na biyu kumburin ya saɓe. A na huɗu ka daina tari, ka fara cin tuwo, ka fita ka duba wa maƙwabci injinsa. Na yi ta hamdala.

Ranar da aka sake hoto, likitar ta nuna maka, ta ce ka gani ya ja da baya sosai. Ka yi murna. Aka kira azahar, ka ce za ka masallaci, ka bar mu mu ji sauran bayani. Haka muka saba, manya su ji maganar likita, maras lafiya ya huta. Ka yarda da mu shi ya sa ka fita.

Kana fita Baffanka ya ce, to an warke ke nan? Ta ajiye alƙalaminta. Ta ce a'a. Ta ce wannan iri haka halinsa yake, yana jin magani da wuri, ya ɓuya, sannan ga mafi yawan mutane ya dawo, wani lokaci cikin 'yan watanni. Ta ce in ya dawo ba lallai a huhu zai tsaya ba, yana iya zuwa kai, ko hanta, ko ƙashi. Ta ce dole a riƙa duba ka a kai a kai, kuma akwai sauran abin da suke so su yi, har da gasa wurin ciwon da hasken na'ura.

Ni na yi tambaya ɗaya. Na ce, tunda bai taɓa sha ba, ba zai zo masa da sauƙi ba? Ta dube ni ta ce, "Mama, da zan iya yi miki wannan alkawari da na yi. Irinsa kaɗan muke gani, ba mu da tabbas. Ƙuruciyarsa da ƙarfin jikinsa suna taimakonsa. Amma kada ku dogara da haka ku zauna a gida."

Na lura ba ta yi shakkar maganarka ba ko kaɗan. Baƙuwa ta yarda da kai, ni na laluba maka aljihu.

Baffa ya roƙe ta kada ta faɗa maka. Ya ce, "Ba a hwaɗa ma maras lahiya wagga magana. Zuciya na kashe mutum kahin ciwo." Ta ce haƙƙinka ne ka sani, kuma in ka tambaye ta ba za ta ɓoye ba. Ya ce a ba mu lokaci mu shirya ka a gida. Ta yarda, ta ce to ranar da ka dawo, bayan mako shida, za ta zauna da kai da kanta.

Ka dawo daga masallaci da lemo a leda. Muka shiga mota. Mun wuce Tureta Baffa ya ce, "To, mu gode Allah, likita ta ce ciwo ya kau. Sai dai a riƙa leƙawa jefi-jefi." Ba ka dubi Baffa ba. Ka juyo daga kujerar gaba ka dube ni. Na gyaɗa kai.

Kada ka ɗora wa Baffanka shi kaɗai. Shi abin da ya gada ya yi. Haka aka yi wa mahaifinka, har ya rasu bai san sunan ciwonsa ba, kuma a lokacin duk mun ga tausayi ne. Ni ce nake da wani dalili daban. Na riga na kira ka ɗaki sau ɗaya na ɓata maka rai. Na kasa sake kiranka in ba ka labarin da ya fi wancan ɗaci. Na ce wa kaina gobe. Aka yi sadakar waina, aka kai tuwo masallaci, mutane suna zuwa barka, ina amsawa. Kullum gobe.

Mako uku bayan nan ka zo ka durƙusa a bakin ƙofa, ka ce ka samu aikin rani a Taraba, manoma suna neman mai gyaran inji. Na san ba aikin kaɗai ba ne. Na san ka gaji da masu kallon leɓenka. Maganar tana bakina, har na ji nauyinta a harshe. Abin da ya fito shi ne, Allah shi tsare hanya.

Ranar da aka rubuta maka ka koma ta zo ta wuce. Katin yana hannuna, na iya karanta shi, na karanta shi ya fi sau ɗari. Yau wata biyu da wucewarta. Na sa Hajara ta tuna maka, ka ce mata, "Mai lahiya mi zai je yi asibiti? A bar ma masu ciwo layi." Ba ka yi kuskure ba. Abin da muka faɗa maka ke nan.

Shekaranjiya Hajara ta shigo ɗakina ta zauna. Sannan ta ce ta ji kana tari a waya, ka ce ƙurar hanya ce. Ta ce ka ce mata kanka yana ciwo da safe kwana biyar a jere, ka ce rana ce. Ta faɗa ne kamar mai neman in ce mata ba komai. Ban iya ce mata ba komai ba. Likitar ta lissafa mana abubuwan da in an gani kada a kwana, kuma ciwon kai irin wannan yana ciki.

Mai yiwuwa ƙura ce. Mai yiwuwa rana ce. Allah ya sa haka ne. Amma ni da kai ba mu ne za mu yanke ba.

Na je zaure na sami Baffanka, na faɗa masa abin da Hajara ta ce. Ban taɓa yi masa musu ba tun da aka kawo ni gidan nan. Ya ce in bari ka gama aikin rani, kada a tayar maka da hankali a ƙasar mutane. Na ce zan rubuta maka. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Ke da alƙalaminki." Da zan fita ya ce in gaishe ka. Idonsa ya yi ja.

Ba zan ƙara yi maka ƙarya ba, saboda haka ba zan ce in ka dawo za ka warke ba. Likitar ba ta ce haka ba. Ta ce in an kama shi da wuri akwai abin yi, akwai wani magani bayan na farko, ana samun sauƙi, ana samun lokaci. In an makara, abin yi yana raguwa. Rai na Allah ne, na sani. Amma kwanakin nan naka ne. Kai ya kamata ka san yadda za ka yi da su, abin da za ka faɗa wa Hajara, abin da za ka bar wa Ma'u, wanda za ka yafe wa da wanda za ka nemi gafararsa. Mun karɓe maka wannan ba da izninka ba, muka kira shi tausayi.

Tunda takardar nan a fili take, waɗanda suka gane ka su ji daga bakina. Ɗana bai taɓa shan taba ba. Ciwon nan yana kama wanda bai sha ba, likita ta faɗa a gabana. Kai kuma ka ji wannan: ko da ranar nan ka ce mini e, ka sha, da ba abin da ya ragu. Kai ne dai. Tambayar ce ba ta da wurin zama a bakin uwa, ɗanta yana zaune a gabanta da ciwo.

Ka yafe mini tambayar. Ka yafe mini gyaɗa kan da na yi a mota. In ba za ka iya yanzu ba, ka bari sai ka iya, zan jira. Ciwon ne ba ya jira.

Na san abin da zai yi maka nauyi. Shigowa garin nan, masu dubiya, gaisuwa a bakin ƙofata. To ba sai ka yi ko ɗaya ba. Ka hau motar Sakkwato kai tsaye. In kun zo Mafara kada ka sauka, ka rufe fuskarka da rawani in ka ga dama. Ranar Laraba likitar take ganin masu irin ciwonka. Wannan Larabar zan bi motar safe, ko yaya hanya take, in zauna a bencin da ke ƙofar ɗakinta. In ba ka zo ba, zan koma ta gaba, da wadda ke bin ta. In ka zo, ba sai ka yi mini magana ba. Kai za ka shiga wurinta, ka yi tambayarka da bakinka, ka ji amsa da kunnenka. Ni a waje zan tsaya, sai in kai ka ce in shigo.

Ya Allah, kai ka ba ni shi, kuma ka fi ni sonsa. Ka kai masa wannan takarda kafin ciwo ya riga ta. Ka sassauta zuciyarsa, ka tsare masa hanya, ka sa albarka a hannun masu yi masa magani. In akwai sauran kwana mai yawa, ka ba shi da lafiya. In kaɗan ne, ka ba shi da sani da natsuwa, a cikin iyalinsa. Kada ka kama shi da wautar uwarsa. Amin.

Allah shi yi maka albarka, Malami. Ka taho.

Mahaifiyarka,
daga Talata Mafara